Yadda Ake Kilishi a Gida, Daga Wuƙa Har Garwashi

Duk wanda ya zo wurina koyon kilishi, da tambaya ɗaya yake farawa: me da me kake zubawa a labu? Labu shi ne kwaɓin gujiya da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki. Ni kuwa sai in miƙa masa wuƙa. Haka aka yi mini. Dattijon da ya koya mini, barunje ne maƙwabcinmu a nan Tawa, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki makonni bai bar ni na kusanci kwanon labu ba. Yanka da shanya, yanka da shanya. Sai da na fara yi ni kaɗai a tsakar gidanmu na gane abin da yake nufi: kilishi aikin wuƙa ne da rana. Idan yanka ya yi kauri ko shanya ta gaza, ko ka juye kayan ƙamshin kasuwa kaf a kansa, ba zai yi mako biyu ba.

Dalilin a fili yake. Tsokar nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kuma a cikin ruwan nan ƙwayoyin da ke ruɓar da ita suke rayuwa. Nama fale-fale yana sakin ruwansa cikin sa'o'i kaɗan. Mai kauri kuwa bayansa ne ke bushewa ya rufe, cikinsa ya zauna da danshi, kai kana ganin ka gama alhali ruɓa ta fara daga ciki.

Allah ya ba mu ranar wannan aiki. Daga Nuwamba zuwa Mayu iskar Adar busasshiya ce. A watannin ɗari iska ke yin rabin aikin, sai dai ƙura. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yini ɗaya ya isa shanyar farko. Mai koyo ya fara a cikin waɗannan watanni, kada ya fara da damina.

Abin da za ka tanada

Awon nan na nama kilo 3 ne. A hannuna yakan ba da kilishi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Kada ka fara da abin da ya fi haka. Hannun da bai saba ba yana da jinkiri, nama kuwa ba ya jira.

Kayan aiki:
- doguwar wuƙa mai kaifi, da dutsen wasa ta a kusa da kai
- katako mai faɗi na yanka, wankakke
- gadon kara ko sabon asabari, da abin ɗora shi ya bar ƙasa
- yadi mai raga na kare ƙuda
- babban kwano mai faɗi na labu
- turmi, taɓarya da rariya
- gawayi, murhu da wayar gashi
- takarda mai kauri, mai tsabta, ta naɗewa

Kayan haɗi:
- tsokar cinyar sa, kilo 3
- tunkuza, kimanin kilo 1
- albasa madaidaita 3, tafarnuwa kai 1
- garin busasshiyar citta, babban cokali 3
- masoro babban cokali 1, kanumfari ƙaramin cokali 1, kimba 4
- garin barkono babban cokali 2, ko yadda bakinka zai ɗauka
- garin busasshen tattasai, babban cokali 4
- gishiri babban cokali 2, magi 4, sukari babban cokali 1
- man gujiya, kofin shayi 1

Gujiya da nake faɗa ita ce ƴan'uwanmu na Kano ke kira gyaɗa, kada wani ya sayo gurjiya.

1. Zaɓen nama

Ka yi sallar asuba ka nufi mahauta, domin naman da aka yanka a safiyar nan kake so, kuma kana son rana ta same ka ka riga ka yanka. Ka gaisa, ka ce, "Sarkin fawa, na kilishi nake so, tsoka zalla, daga cinya." Da ya ji haka ya san abin da zai ciro maka: manyan dunƙulen tsokar cinyar baya, waɗanda zarensu ya tafi a miƙe. Kada ka yarda a sassara maka shi gutsi-gutsi kamar na miya. A dunƙule za ka ɗauko.

Ka duba launi, ja mai haske. Ka danna da yatsa, ya taso ya koma yadda yake. Wanda ya yi duhu ko yake sulɓi a hannu ya kwana, ka bar shi. Shanunmu na Azawak da ake kawowa daga wajen Abalak da Cin Tabaradan suna da tsoka mai kyau ga wannan aiki, kuma ni na fi son sa matsakaici a kan wanda aka yi wa kiwon turke, don na turke kitse ya ratsa tsokarsa. Naman raƙumi ma yana kilishi sosai, ba shi da maiƙo a tsoka. Cinyar rago ko ta akuya tana yi, sai dai shafin ƙanana ne kuma gyaran ya fi yawa.

Da ka iso gida kada ka tsoma naman a ruwa. Ruwa kake son fitarwa, don me za ka ƙara masa? Ka goge shi da tsumma mai tsabta. Hannunka, wuƙa da katako su ne za su sha sabulu.

2. Gyara

Ka cire kitse duka, da jijiya, da farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka. Kitse ba ya bushewa. Bayan kwanaki yana juyawa ya yi wari ya ɓata abin da ke kusa da shi. Jijiya kuwa in ta bushe haƙori ba ya iya mata. Abin da ka cire ka miƙa wa uwargida, miyar dare ta samu.

3. Yanka

Nan ne aikin yake, ka zauna da kyau, a inuwa.

Ka raba tsokar dunƙule-dunƙule, kowanne kamar girman dunƙulen hannunka ko ya ɗara kaɗan. Ka ɗora ɗaya a katako, zarensa ya kwanta daga dama zuwa hagu. Ka ɗora tafin hannunka na hagu a kai, yatsu a miƙe, sun ɗaga sama. Wuƙa a kwance za ta shiga, kusa da katako, ta bar shafi siriri a ƙarƙashinta. Ka ja ta a hankali, gaba da baya, ka bar kaifi ya yi aiki, kada ka danna. Idan ka kusa fita ta ɗaya gefen, ka tsaya, kada ka raba. Ka mirgina dunƙulen gaba, ka sake sa wuƙa daidai inda ka tsaya, ka ci gaba. Haka za ka yi ta mirginawa kana yanka, dunƙulen yana raguwa, shafin yana tsawo a bayansa, kamar mai warware rawani. Gwanaye a hannu suke riƙe naman, su warware dunƙule ɗaya ya zarce tsawon kamu biyu bai tsinke ba. Kai kada wannan ya dame ka. Shafin da bai wuce tafin hannu ba, in dai siriri ne, kilishi ne.

Kaurin da ake so milimita 2 zuwa 3. Ba sai ka auna ba: ka ɗaga shafin ka fuskanci rana da shi. Idan haske ya ratso, ya yi ja kamar ka tara hannunka a gaban fitila, ya yi. Inda ka ga duhu, nan ne kauri. Ka mayar da shi katako ka sake bi ta wurin da wuƙa. Huda ba laifi ba ce, labu zai rufe ta. Mai koyo yakan ji tsoron hudawa sai ya bar kauri, alhali kaurin ne abin tsoro.

Ka riƙa wasa wuƙa bayan kowane dunƙule biyu. Wuƙar da ta dakushe ita ke sa mutum ya danna, dannawa kuwa ita ke kai ta ga tafin hannu. Idan ka ji hannunka ya gaji, ka ajiye ka huta.

Idan naman yana zille maka, akwai dabara uku. Mai firiza ya sa dunƙulen kamar sa'a ɗaya, ya ɗan sandare amma kada ya zama ƙanƙara. Zai tsaya wa wuƙa cak. Wanda ba shi da ita, ya yanka iya sirantar da zai iya, sannan ya bubbuga shafin a hankali da wankakkiyar kwalba har ya baje. Ta uku, ka biya mahaucin ladansa ya warware maka, ka tsaya a gefensa kana kallon hannunsa. Babu kunya a ciki, kallon ma karatu ne.

Duk shafin da ka gama, a kai shi rana nan take. Kada ka tara su a kwano kana jiran sai ka gama duka.

4. Shanyar farko

Gadon shanya ya kai ƙugu a tsawo, a tsakiyar fili inda rana ke yini, nesa da makewayi, da turken dabbobi, da inda ake zubar da ruwan wanke-wanke. Amfanin kara da asabari shi ne iska na shiga ta ƙasa. Faranti ko kwanon rufi suna tara ruwa a ƙarƙashin nama, su kuma dafa shi maimakon su busar. In babu kara, ka ɗaura igiya mai tsabta ka rataye shafukan kamar wanki.

Ka shimfiɗa kowane shafi ka ja gefunansa ya miƙe, kada wani ya hau wani, kada gefe ya naɗe. Ban sa gishiri a wannan mataki. Bayan kamar sa'a ɗaya da rabi, lokacin da saman ya daina sheƙi, ka ɓamɓare shi a hankali ka juya. Idan ka manta, zai manne wa karan, sai dai ka yage shi. Daga nan juyi biyu ko uku ya isa har la'asar.

Ƙuda a sa'o'in farko yake zuwa, lokacin da naman ke da danshi. Ka kafa sanduna huɗu ka ɗaura yadin raga a sama, ya sauko ta gefe, amma kada ya taɓa naman. A nan ina roƙon kowa: kada a yi amfani da gidan sauron da ake rabawa don kare zazzaɓin cizon sauro. An jiƙa shi da maganin kashe ƙwari, bai dace da abinci ba, kuma wurinsa kan gadon yara. Yadin raga na kasuwa wanda ba magani ya ishi wannan aiki. Ragar za ta kuma raba ka da shirwa, wadda ba ta jin kunyar sauka a gabanka ta sure shafi guda. Idan guguwa ta taso ko ƙura ta turnuƙe, ka shigar da gadon ɗaki, ka fito da shi in ta lafa. Ƙasar da ta manne wa ɗanyen nama ba ta fita.

Ta yaya za ka san ya bushe? Launinsa ya koma ja mai duhu, ya sandare kamar busasshiyar fata, in ka buga shafi biyu za ka ji ƙara. Ka bi shi da yatsu biyu kana matsawa. Duk inda ka ji laushi ko sanyi, da saura. A bazara, naman da ya fita ƙarfe 9 na safe yakan kai nan kafin magariba. Da ɗari ka ba shi yini biyu.

Idan dare ya same ka bai gama ba, ka shigar da shi ɗaki mai iska a kan gadonsa, ko ka rataye. Kada ka tara shi ka rufe. Wata shekara, farkon Yuni, hadari ya taso mini da yamma, na kwashe naman da bai gama bushewa ba na zuba a roba na rufe don kada ƙura ta shiga. Da safe da na buɗe, warin ne ya fara gaya mini. Kilo 5 na binne a bayan gida, naman da aka yi niyyar aika wa ƴan'uwa. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

5. Tunkuza

Yayin da nama ke rana, sai ka juya kan gujiya. Idan kana da matar da kake sayen ƙuli-ƙuli a wurinta, ka je tun jiya ka ce, "Inna, gobe a ajiye mini tunkuza kafin a soya." Tunkuza ita ce dunƙulen da ke saura bayan an matse mai, kuma ita ce jikin labu.

In da kanka za ka yi, tiya ɗaya ta ɓararriyar gujiya ta isa har ta yi saura. Ka baza ta a faifai ka tsince duk wadda ta yanƙwane, ta yi baƙi ko ta yi funfuna. Kada ka yi ganda a nan: funfunar gujiya tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Ka soya da rairayi mai tsabta har ta yi ƙamshi, kada ta yi duhu, don akwai wata wutar a gaba. Ka murje jan bayan, ka fece, a kai inji a niƙa. Ka zuba a turmi, kana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan kana juyawa da taɓarya. Za ta fara kamar ba za ta yi ba, can sai ta dunƙule, mai ya taso. Ka matse ka tsiyaye. Man da ya fito shi za ka yi gashi da shi.

Idan ba tunkuza, ka daka ƙuli-ƙuli ka tankaɗe, amma ka rage gishiri, kuma ka sani ya riga ya sha wuta, yana saurin ƙonewa. Niƙaƙƙiyar gujiyar miya da ba a matse ba ita ce zaɓin ƙarshe: mai ya yi mata yawa, labunta ba ya bushewa da kyau. In dole ce, ka matse ta tukuna.

6. Haɗa labu

Ba na haɗa labu sai na tabbata nama ya bushe, domin labun da ya kwana tsami yake yi. Yawanci safiyar rana ta biyu nake haɗawa.

Ka daka citta, masoro, kanumfari da kimba, ka tankaɗe. Kimba ka fasa ta ka zubar da ƴaƴan, ɓawon ake so, ƴaƴan ɗaci ne da su. Kanumfari kuma kada ka wuce awo. In ya yi yawa shi kaɗai za a riƙa ji. Ka kirɓa albasa da tafarnuwa su yi laushi lilis. Albasar Galmi nake so, mai launin shuɗi-ja, don ƙarfinta ba ya ɓacewa bayan shanya da gashi. Ba banza ba ne OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa ita da kilishin Nijar rajistar kare suna: tare suke tafiya tun daga kwano.

Ka dama tunkuza da tafasasshen ruwan da ya huce, kamar lita ɗaya, kana zubawa kaɗan-kaɗan kana murjewa da hannu har gudaji su ƙare. Ka zuba sauran kayan, ka juya. Kaurin da ake nema na kunun gujiya ne mai jiki: in ka tsoma ludayi ka ɗago, ya rufe bayansa, yana ɗiga a hankali. In ya tsinke, zai zube ya bar naman tsirara. In ya yi kauri, zai yi ɓawo ya riƙa ɓarewa bayan gashi.

Ka ɗanɗana. Gishirin ya tsaya daidai baki, har ka ji kamar da ɗan saura, domin ruwan labu zai tafi a rana ya bar gishirin ya ƙara ƙarfi. Wanda ya ji labunsa ya yi gishiri zau tun a kwano, kilishinsa ba zai ciwu ba.

Masu sayarwa suna da ja, suna da fari. Jan da yawansu da garin kala suke yi. Ni garin busasshen tattasai nake sawa, irin na Diffa da ake nomawa a bakin Komadugu. Jansa bai kai na kala haske ba, amma yana zuwa da ƙamshi da ɗan zaƙi, kuma na san abin da nake ba ƴaƴana. In fari kake so, ka bar tattasai, ka rage barkono, ka ƙara citta.

7. Tsomawa da shanya ta biyu

Ka karkaɗe busassun shafukan, ka tsoma uku ko huɗu a lokaci guda, ka danna su nutse. Minti 10 zuwa 15 ya isa. Abin da kake jira shi ne naman ya saki jiki, ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Idan ka bar shi ya daɗe, zai sha ruwa ya koma ɗanye, ranar jiya ta tafi a banza. Ka ɗago, ka bi shi da yatsu biyu daga sama zuwa ƙasa ka share abin da ya yi yawa, ya zama labun ya rufe ko'ina amma bai taru a wuri ɗaya ba.

Ka mayar kan gado. Wasu sukan jera yankakkiyar albasa a kai tun yana da danshi. Tana da kyau a ido da baki, amma in na ajiya ne ko na tafiya, ka bar ta, tana riƙe danshi. Raga ta koma wurinta, don ƙuda ya fi son labu a kan nama. Kada ka yi saurin juyawa a wannan karon. Ka jira sai saman ya daina kama yatsa, sannan ka ɗaga a hankali. Sa'a huɗu zuwa shida a rana mai ƙarfi. Ya gama in labun ya kama jikinsa ƙam, ka shafa hannunka ya fito a bushe.

8. Gashi

Kada ka tsallake wannan mataki. Har yanzu naman nan bai ga wuta ba, kuma gashi ne ke kashe abin da rana ba ta kashe ba, ya kuma tayar da ƙamshin gujiya.

Ka hura gawayi da kara ko ƙiraren itace. Kada ka kunna da leda ko kananzir, kilishi yana ɗaukar wari nan da nan. Ka jira harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi ja, farar toka ta fara hawa kansa, sannan ka baza shi. Waya ta zauna kamar taƙi ɗaya da rabi a sama. Ka tara tafin hannunka a daidai wayar: in za ka iya ƙirga biyar kafin ka janye, wutar ta yi.

Ka shafa wa shafin mai kaɗan, gaba da baya, ka ɗora. Daga nan ba zama, ba hira, ba duba waya. Ka riƙa juyawa a kai a kai. Cikin minti 3 zuwa 5 za ka ga mai yana tsatsafowa, launi ya ƙara nuna, ƙamshi ya cika gida har yara su fara zagayowa. Ka sauke. Gujiya da sukari tsakaninsu da ƙuna ƙiftawar ido ce, kuma ɗacin ƙuna ba ya gyaruwa. Ka fara da shafin da ya fi muni, ka gwada wutar da shi.

Yana da laushi lokacin da ya sauka, kada ka ce bai yi ba ka mayar. Ka jera shi a faifai a inuwa, ɗaya-ɗaya, ya huce sarai. Da ya huce zai tsaya. Mai kyau in ka karya yana tsagewa bin zarensa, ba ya rugurgujewa kamar ƙuli-ƙuli, ba ya kuma ja kamar roba.

9. Ajiya da tafiya

Kilishi da takarda yake shiri. Takarda tana shan maiƙo, tana barin iska ta ratsa. Leda kuwa tana tara gumi, gumi ya kawo funfuna. Ka naɗe a takarda mai tsabta, ka sa a kwando ko kwali, a wuri mai iska da ɓera da kyanwa ba sa kaiwa. Ka guji takardar buhun siminti da aka riga aka yi aiki da shi, da jarida mai tawada. A rani nakan ajiye shi wata biyu zuwa uku lafiya lau, ina fito da shi ya sha rana sa'a ɗaya duk mako biyu. Wanda ka ga farin gashi-gashi a kansa ko ya canza wari, kada ka kankare ka ci, ka zubar.

In guzuri ne, ko tsarabar da za a kai wa ƴan'uwa a Yamai, ko masu ci-rani a Abijan, ga abin da nake yi. Ina naɗe shi ƙunshi ƙanana, don kada a riƙa buɗe babba kullum. Ina sa ƙunshin a kwali, kwalin a cikin kaya, nesa da jarkar mai da sabulu da turare. A mota kada ka ajiye shi a gaban gilashi inda rana ke duka, mai zai narke ya jiƙe takardar. Daga nan zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar yini ce, ba abin da zai same shi. Na Abijan ne ke son kulawa, domin iskar bakin teku danshi gare ta. Shi nakan ƙara masa yini guda a rana kafin gashi, in ya huce in naɗe a takarda, sannan in sa a gwangwani mai murfi, in kuma aika da saƙon cewa a ci shi da wuri.

Idan abu ya gaza

In ba gujiya sam, ka yi rumuzu. Bayan shanyar farko ka shafe shafin da mai, ka barbaɗa dakakken yaji da gishiri, ka gasa. Ba labu, ba shanya ta biyu, yini ɗaya ka gama. Ni na fi ba mai koyo shawarar ya fara da shi, don a nan ba abin da zai ɓoye yankansa, zai ga kuskurensa ƙarara.

In damina ce kuma dole sai an yi, kamar layya ta faɗo cikin ruwa nama ya yi yawa, ka rage yawa ka ƙara siranta. Ka shanya a rumfa mai iska ka kunna masa fanka, da rana ta leƙo ka fitar. Mai murhun gas da ke da tanda ya kunna ta a wuta mafi ƙanƙanta, ya jera shafukan a waya, ya bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, yana juyawa. Wanda ba shi da ko ɗaya ya rataye naman kamar kamu biyu a saman garwashi marar hayaƙi, zafin ya busar da shi a hankali. Kilishin da aka yi haka na ci ne cikin mako guda. Idan kuwa hadari ya haɗu tun safe ba alamar zai washe, ka fasa, ka soya naman ko ka yi dambu da shi.

Ɓarɓashin da ya zube a faifai da gutsattsarin da suka karye, ka tattara su a kwalba. Ka daka su sama-sama, ka barbaɗa a kan dambun zogale ko shinkafa da wake da ɗan man da ya rage.